Addu'a a Bakin Tafiya

Ya dace a yi addu'a a filin jirgin sama ko tashar mota? A Taya, Bulus da 'yan'uwa sun durƙusa a bakin teku, suka yi addu'a kafin ya shiga jirgi (Ayyukan Manzanni 21:5). Amma Yesu ya tsauta wa masu addu'a a kan hanya domin mutane su gan su (Matiyu 6:5). Ashe ba wurin ne abin dubawa ba, zuciya ce. Ɗan'uwa, yi addu'arka, amma kada muryarka ta hana matafiyin da ya gaji hutawa. In kana so a ba ka wuri, kada ka ji haushin Musulmin da ya shimfiɗa dardumarsa. Ubangiji yana jin raɗa ma.