Ku Tara Darasi Yadda Goronyo Ke Tara Ruwa

Ya ku malaman firamare da na sakandare na Wurno da Rabah da Goronyo. Sannunku da ƙurar alli, da ajin da yara suka cika har bakin ƙofa, da hawa babur a hanyoyin da mutum ba ya bi sai da addu'a a bakinsa. Allah Ya saka muku da alheri. Kira nake yi gare ku a kan wani kayan aiki wanda da yawanku ke yawo da shi a aljihu, wato wayar hannu.

Malam, wayar nan ta wuce ta gaisuwa da kallon Facebook. Tun watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe Nigeria Learning Passport, inda aka zuba darussa kyauta bisa tsarin karatun ƙasa, har da na Hausa. Akwai African Storybook, taskar littattafan yara masu hotuna da aka kafa a Afirka ta Kudu, wadda za ka sauke labaran Hausa daga cikinta ka karanta wa 'yan aji ɗaya. Malamin kimiyya da makarantarsa ba ta da ɗakin gwaji ya nemi PhET na Jami'ar Colorado ta Amurka: yaro zai haɗa batir da waya da ƙwan fitila da yatsarsa, ya ga wuta ta kama, ya cire waya ɗaya ya ga ta mutu. Abin da ka yi mako kana zanawa a allo, nan take zai zauna masa.

Na san abin da za ku ce: ina sabis, ina wuta, ina kuɗin data? Gaskiya ne. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da aka katse layukan waya a wannan yanki saboda 'yan bindiga. Amma ku dubi madatsar ruwan Goronyo da aka gama a 1984 a kan gulbin Rima. Ruwan sama wata huɗu kawai yake yi mana, ita kuwa sai ta riƙe shi, manomin albasa da tafarnuwa da shinkafa ya sha har tsakiyar rani. To haka za ku yi da intanet. Ranar da ka shiga Sakkwato bita ko wata hidima, ka sauke darussan wata guda ka adana a katin waya. Da ka dawo, ka tura wa abokin aiki ta Xender ko Bluetooth, ba kobo. Makarantar da ta samu kwamfuta ko da guda ɗaya ce, ta saka Kolibri, wadda aka ƙera musamman don wuraren da babu intanet; wayoyi su jona da ita a cikin aji su ɗebi darasi. Caji kuwa, hasken ranar Sakkwato da ƙaramin faifan sola sun wadatar.

Kai ilimi inda hanya ta yi wuya gadonmu ne. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a nan kuma ya rasu a 1837. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jajoji ta ɗora musu malfa. Su zo su karɓi karatu a waƙe, su haddace, su koma ƙauyukansu a ƙafa su koyar da matan da ba su iya barin gida. Malama, ke da ke koyar da 'yan mata a Rabah ko Goronyo, aikinsu ne ya faɗo hannunki, kuma guzurinki ya fi nasu sauƙin ɗauka. Sardauna ma, ɗan Rabah, alli ya fara riƙewa a Midil ta Sakkwato kafin ya zama hakimin Rabah a 1934, ya zo ya kafa jami'a a Zariya a 1962. Kada wani ya raina muku sana'a.

Kada kuma ku tsaya a karɓar na wasu. Da manhajar Bloom malami zai haɗa ɗan littafi da kansa a kwamfuta. Ku ɗauki hoton rumbun albasa, da masunta a gulbi, da jaki ɗauke da buhun shinkafa ranar kasuwa, ku rubuta gajerun jimloli a ƙarƙashi. Waɗanda suka koyar da littafin koyon karatu na Mu Karanta! sun san yadda ake jera gaɓa daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Su ja gaba. Yaron da ya ga gonar babansa a shafi ba sai an yi masa tsawa zai karanta ba. Ku sa manyan ɗalibai su tambayo tatsuniya wurin kakanni, a ɗauki murya, a rubuta.

Sharaɗi ɗaya ne: waya ba ta koyarwa sai da malami. Ka kalli darasin tun da dare, ka san inda za ka tsayar ka yi tambaya. Ka raba yara rukuni-rukuni, wayar ta zaga, kuma kada ka bar su da ita ba idonka a kai. Hedimasta ya ware lokaci a jadawali, kwamitin makaranta da iyaye su taimaka da sola.

Kada ku jira sai an kawo kwamfutoci cikin mota. A makon nan kowane malami ya sauke darasi ɗaya, ya koyar da shi, ya tura wa malamin makarantar da ke gaba da tasa. Da sannu za a ga ya kai ƙauyen ƙarshe. Allah Ya ƙara muku ƙarfi, Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya sa albarka a yaran da ke hannunku.