Lambar Satiru: Wa Take Tunawa?

'Yan'uwana, duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin iyakar Jibiya, inda 'yan canji ke juya naira da sefa, ya san kowane kwabo fuska biyu gare shi. Lambar yabo ma haka take, sai dai fuska ɗaya ake nuna wa jama'a.

A watan Fabrairu na 1906 talakawa da bayin da suka tsere wa iyayengijinsu suka yi tawaye a Satiru, kudu da Sakkwato. Cikin jagororinsu akwai Ɗan Makaho, wanda ya ƙetaro daga ƙasar da Faransa ke mulka, wato Nijar ta yau. Da gatura da fartanyu suka kashe Turawa 3 da sojoji da dama. Ran 10 ga Maris aka zo musu da bindigogi, aka hallaka mutum wajen 2,000, aka rushe garin. Har yau kufai ne.

Bayan haka gwamnatin Ingila ta ba sojojinta lambar azurfa mai hoton Sarki Edward na Bakwai, da ɗan ƙarfe mai sunan Nijeriya ta Arewa da shekarar 1906. A gefenta aka zana sunan mai karɓa. Waɗanda suka kwanta a Satiru kuwa, ko sunayensu ba a rubuta ba.

Ga inda tambayar ta yi nauyi: da yawa cikin sojojin nan Hausawa ne. To, jikan da ya tarar da wannan lamba a akwatin kakansa, me ya kamata ya yi da ita? In ya rataya ta don taƙama, ya taka kabarin bayin Allah. In ya jefa ta rijiya don kunya, ya binne shaida, alhali ciwon da aka ɓoye ba ya warkewa.

A ganina ya adana ta, amma ya riƙa juya ta. Ran da ya nuna wa 'ya'yansa, ya faɗi sunan kakansu, ya kuma faɗi sunan Satiru. Ba mu da ikon yanke wa matattu hukunci, wannan na Allah ne. Namu shi ne kada mu bar azurfa ta rufe jini.

Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.