Haƙƙin Wanda Aka Ɗauki Hotonsa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Don haka ne tun sa'ad da wani Bafaranshe, Louis Daguerre, ya bayyana dabararsa ta ɗaukar hoto a shekarar 1839, mutane suka yi na'am da ita. Amma da fari sana'a ce ta 'yan kaɗan, domin kayan aikin suna da nauyi da tsada, magungunan wanke hoton kuwa sai gwani ya san kansu. A 1888 ne George Eastman, mutumin Amurka, ya fito da wani ƙaramin akwati mai suna Kodak, da fim a cikinsa na hoto 100. In fim ya ƙare sai a aika da akwatin kamfani, a wanke hotunan, a mayar wa mai shi. A 1900 kamfanin ya ƙera wani mai suna Brownie, kuɗinsa dala ɗaya tak. Daga nan ɗaukar hoto ya zama abin sha'awa ga kowa, ba sai mai sana'a ba. Yau kuwa, duk mai wayar hannu ta zamani yana yawo da kyamara a aljihu.

To, ga tambayar da ta kamaci kowane mai wannan sha'awa. Shin duk abin da ido ya gani, hannu yana da ikon ɗaukarsa? Tambayar ba sabuwa ba ce. Shekara biyu kacal bayan fitowar Kodak, watau a 1890, waɗansu lauyoyi biyu na Amurka, Samuel Warren da Louis Brandeis, suka rubuta cewa lalle doka ta kare sirrin mutum, domin an sami na'urar da za ta kama kamanninsa kafin ya ankara. A lura kuma da kalmar kanta. Bahaushe ya ce “ɗaukar” hoto, abin da ake ɗauka kuwa galibi yana da mai shi.

A fara da namun daji. Sau da yawa a kan ji ana cewa kyamara ta fi bindiga, tun da ba ta zub da jini. Wannan gaskiya ne, amma ba a nan maganar ta ƙare ba. A ƙasar Kenya, a dajin Masai Mara, an yi bincike a kan rabbi, dabbar nan mai kama da damisa wadda ta fi kowace dabba gudu a doron ƙasa. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna cewa uwar da ke zaune inda motocin masu kallo suka yi yawa ba ta raya 'ya'ya kamar wadda ke can inda ba a damunta. Ba wanda ya harbi ɗa ko guda, kowa hoto ya zo nema, amma ga ɓarna ta auku. Haka tsuntsuwar da ke kwanci. In aka matsa mata ta tashi, rana ta doki ƙwan, ko hankaka ya sauko ya fasa, mai kyamara kuwa ya riga ya tafi gida yana murna.

Magabata a wannan fage sun san haka. Waɗansu 'yan'uwa biyu a Ingila, Richard da Cherry Kearton, waɗanda suka buga littafin hotunan sheƙunan tsuntsaye a 1895, har cikin fatar sa da aka cusa wa kaya su kan shiga su ɓuya, su yi ta jira, don kada tsuntsu ya firgita. Dabarar ta yi kama da ta maharbin da ke ɗaura kan burtu ya yi rarrafe, sai dai shi wannan rai ya ke nema, su kuwa kamanni. Wanda ya je gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi, wanda aka kafa a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, zai tarar da rani giwaye da ɓauna suna gangarowa kogin Gaji shan ruwa. Ba shi da ikon tsayawa tsakaninsu da ruwan don hotonsa ya yi kyau. Haƙƙin dabba shi ne a ba ta tazara, a jira ta.

Game da wasanni kuwa, abin ya fi sauƙi. Ɗan dambe da ɗan kokawa, da mahayin da ya yi ado ran hawan salla, da dubban masuntan da ke afkawa kogin Matan Fada da homa da gora a bikin Argungu, wanda aka soma a 1934, dukansu sun fito ne don a gan su. Fitowarsu fili ita ce izininsu. Duk da haka akwai wajibi biyu. Na farko, kada mai hoto ya shiga gaban doki ko tsakiyar fage ya jawo haɗari. Na biyu, ya tsare gaskiya. Kyamara ƙiftawar ido ta ke kamawa. Gwarzon da ya shekara goma ba a kai shi ƙasa ba, in aka ɗauke shi ran da ya zame, aka yi ta yawo da wannan hoto shi kaɗai, to, an yi masa ƙarya, ko da ya ke ba a canza kome a hoton ba.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wajen talakan da ke cikin harkarsa: mai talla, da ɗan dako, da almajiri, da tsohuwar da ke bara a bakin kasuwa. Waɗannan ba su fito don a kalle su ba, neman abinci ya fito da su. Wani zai ce, “Ai in an tsaya neman izini, mutum zai gyara tsayuwa, hoton ya rasa gaskiyarsa. Ban da haka, hoton mai wahala ya kan jawo masa taimako.” Wannan hujja tana da ƙarfi, bai kamata a yi watsi da ita ba.

Ga labarin da zai auna ta. A watan Maris na 1936, lokacin da fatara ta addabi Amurka, wata gwanar hoto mai aikin gwamnati, Dorothea Lange, ta tarar da wata mata mai shekara 32 zaune cikin tanti da 'ya'yanta a Nipomo, cikin Kalifoniya. Ta ɗauki hotonta, ba ta ko tambayi sunanta ba. Da jarida ta buga, gwamnati ta aika da abinci kimanin tan 9 zuwa zangon 'yan ƙwadagon, mutane da yawa suka amfana. Amma kafin abincin ya iso, matar da iyalinta sun riga sun ƙara gaba. Hoton ya game duniya, ita kuwa ba a san ko wace ce ba sai a 1978, sa'ad da aka gane sunanta Florence Owens Thompson. Ta bayyana cewa ba ta sami ko anini daga gare shi ba, kuma da so samu ne, da ba a ɗauka ba. Sai a 1983, da ciwon ajali ya kama ta, jama'a suka aiko da gudummawa saboda wannan hoto.

Watau hoto guda ya ciyar da mayunwata, ya kuma ɗora wa baiwar Allah kayan da ta ɗauka fiye da shekara 40. In gwanar da ke da kyakkyawan nufi ta bar irin wannan tabo, ina ga wanda sha'awa kaɗai ta sa shi, wanda hotonsa ba zai kai ga wata hukuma ba, sai abokai su gani su yi dariya? A da hoto ya kan tsaya cikin akwati. Yanzu da an sa shi a intanet ya fita daga hannun mai shi, ba ya komowa. Mutunci kuwa madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Maganin abin yana cikin ladabin da kowa ya tashi da shi. Ba mai faɗawa gidan wani ba sallama, sai ya tsaya a zaure har a amsa masa. Fuskar mutum ma ƙofar gidansa ce. Sai a gaisa, a faɗi nufi, in an yarda a ɗauka. In kuwa abin ya zo da gaggawa har an riga an ɗauka, to, a je a nuna wa mai shi, in ya ƙi a goge. Yaro sai da yardar iyayensa ko malaminsa. Wanda haɗari ya rutsa da shi a hanya, hannu ya ke bukata, ba kyamara ba. Kafin a danna, mutum ya tambayi zuciyarsa: in da mahaifiyarsa ce ke zaune a wannan hali, zai so baƙo ya ɗauka ya watsa?

Ba a hana kowa wannan sha'awa ba, gama tana koya haƙuri da lura, tana kuma adana wa jikoki kamannin zamanin kakanninsu. Amma akwai hoton da barinsa ya fi ɗaukarsa, mai hankali kuwa shi ne wanda ya san lokacin da zai mai da kyamararsa aljihu. Allah ya sa a gane.