Nauyin Mai Aike: Darasi Daga Bakin Teku

Yawancinmu ba mu taɓa tsayawa a bakin teku ba, amma tambayar da muke so mu duba a wannan fitowa ta shafi kowane gida. Idan ran wani yana cikin hatsari, kuma ba za a iya cetonsa ba sai an jefa ran wani cikin hatsarin, wa yake da ikon cewa a tafi? In kuma waɗanda suka tafi ba su dawo ba, a wuyan wa alhakin yake? Za mu auna wannan da wani abin da ya faru a Ingila, domin labarin gaskiya ya fi dogon bayani shiga zuciya.

A lardin Cornwall, can kudu maso yammacin Ingila, akwai wani ƙauyen masunta mai suna Mousehole. Kusa da shi akwai tashar jirgin ceto ta Penlee, ɗaya daga cikin tashoshin ƙungiyar RNLI, wadda aka kafa a 1824 domin ceton waɗanda teku ta rutsa da su. Mutanen da ke shiga jirgin ceton 'yan sa kai ne daga cikin garin, kowa da sana'arsa. Ran Asabar 19 ga Disamba 1981, wani sabon jirgin kaya mai suna Union Star, wanda ya ɗauko takin zamani daga Holan zuwa Ailan, ya sami mutuwar inji a cikin guguwa. Mutum 8 ne a cikinsa, har da matar kyaftin da 'yan mata biyu. Iska ta yi ta tura shi wajen duwatsun gaɓa, raƙuman ruwa kuwa suna tashi har kusan mita 18.

Masu tsaron gaɓar teku na garin Falmouth su ne suka karɓi kiran, su ne kuma suka riƙa haɗa kan masu ceto ta rediyo. Jirgi mai saukar ungulu na sojan ruwa ya je, amma ƙarfin iska ya hana shi ɗauko kowa. Sai aka nemi jirgin ceto na Penlee, mai suna Solomon Browne, jirgin katako mai tsawon ƙafa 47. Ya shiga ruwa da ƙarfe 8:12 na dare da mutum 8, a ƙarƙashin matuƙinsa Trevelyan Richards. Sun yi ta kusantar jirgin kayan sau da yawa, har suka sanar ta rediyo cewa sun kwaso mutum 4. Suka koma domin sauran. Daga nan ba a ƙara jin muryarsu ba. Dukan mutum 16 suka rasu a daren nan, saura kwana 6 Kirsimeti. Allah ya jiƙansu.

Mai lissafi zai ce an yi hasara biyu. Da ba a aika kowa ba, da mutum 8 ne suka mutu, da ƙauyen bai cika da gwauraye da marayu ba. Kada mu yi saurin ture wannan magana, gama masu faɗinta ba marasa tausayi ba ne, kuma hawayen iyalan nan na gaske ne. Sai dai lissafin yana da lahani guda: an yi shi ne da safe, bayan an ga ƙarshen al'amari. Da na sani ƙeya ce, a baya take. Da ƙarfe 8 na daren nan ba wanda ya san yadda za ta ƙare. Abin da aka sani shi ne, mutum 8 za su hallaka tabbas in ba a je ba, kuma akwai jirgi da gwanayen da suka saba ceto a wannan gaɓa. Lamirin mutum ana auna shi da abin da ya sani da abin da ya nufa a lokacin da ya yanke shawara. In muka ce sakamako kaɗai ne ma'auni, to wanda ya yi ganganci ya tsira zai zama mai hikima, wanda ya yi daidai ya mutu kuma ya zama wawa, wannan kuwa ba mai hankalin da zai yarda da shi.

Mu dubi mai karɓar kira. Yana zaune a ɗaki mai haske, rigarsa ba ta jiƙa ba, ba ya ganin ruwan da idonsa. Kayan aikinsa su ne kunne, da taswira, da murya mai natsuwa. Wasu za su ce aikinsa mai sauƙi ne, tun da ba shi zai nutse ba. Mu dai muna ganin nauyinsa na musamman ne. Wanda ya shiga ruwa yana ba da ransa ne, abin da yake nasa. Mai aike kuwa yana furta kalmar da za ta fitar da mijin wata da uban wasu daga gida, sa'an nan ya zauna yana sauraro, ba shi da hannun da zai miƙa. A daren Penlee, bayan saƙon ƙarshe, ma'aikacin Falmouth ya yi ta kiran jirgin ceton, ba amsa. Duk da haka, da ya ƙi neman taimako don tsoron kada alhaki ya hau kansa, da ya zaɓi kwanciyar ransa a kan rayukan mutum 8. Shiru ma zaɓi ne, yana kuma da nasa alhaki. Abin da ake bukata daga mai aike shi ne ya faɗi gaskiyar hatsarin ba ragi ba ƙari, ya nemi taimako a kan lokaci, kada kuma ya tilasta wa kowa. Wannan na ƙarshe shi ne ya raba aike da zalunci, gama mutanen Penlee da yardar ransu suka fito, har waɗanda suka hallara sun fi yawan da jirgin yake bukata.

A nan ne matuƙin ya koya mana abu na biyu. Cikin waɗanda suka zo akwai wani saurayi mai shekara 17, wanda mahaifinsa yana cikin ma'aikatan jirgin. Richards ya mai da yaron, domin ba ya son ɗaukar mutum biyu daga gida ɗaya a irin wannan dare. Wannan ya nuna ya san abin da yake fuskanta sarai. Jarumtakarsa tana tafe da hankali, yana tunanin waɗanda ke cikin ruwa, yana kuma tunanin uwar da za a bari a gida. Mahaifin bai dawo ba. Yaron ya rayu, bayan shekaru kuma shi ne ya zama matuƙin jirgin ceto na Penlee. Ashe ƙaunar baƙo ba ta soke hakkin iyali, sai dai a auna su tare.

Akwai kuma nauyin mai kira. Tun da fari wani jirgin jan jirage ya yi tayin jawo Union Star bisa yarjejeniyar ladan ceto, amma ba a karɓa nan take ba, sai da aka tuntuɓi masu jirgin. Kafin a daidaita, hali ya riga ya ɓaci. Binciken da hukuma ta yi daga baya bai ɗora wa kowa laifi ba, ya ce ruwan teku ne ya shiga man jirgin, ga kuma tsananin guguwa. Mu ma ba za mu yi wa matattu shari'a ba. Amma darasin yana nan: jinkirin mai neman taimako yakan koma kan mai zuwa taimako. Mu nawa ne muke ɓoye ciwo, ko gobarar da ta fara, ko naƙudar da ta yi tsawo, saboda kunya ko tsoron kuɗi, har sai abin ya fi ƙarfin kowa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haka kuma wanda ya buga lambar gaggawa don wasa, ko 999 ta Birtaniya wadda aka fara a Landan a 1937, ko 112 da muke da ita, ya sani yana iya toshe hanyar wani da ke bakin mutuwa.

A ƙarshe, mu tambayi kanmu abin da ya sa gari yake zama gari. Mutanen Union Star baƙi ne, ba wanda ya san su a Mousehole, ba a kuma tambayi asalinsu ba kafin a fita. Masunci ya san cewa yau shi ne mai ceto, gobe shi ne mai kira. In aka ce sai an tabbatar ba hatsari kafin a amsa kuka, to ba wanda zai ƙara shiga teku da kwanciyar rai. Shi ya sa, tun makoki bai ƙare ba, wasu mazaje suka ba da sunayensu domin a kafa sabuwar ƙungiyar ceto.

Saboda haka amsarmu ita ce, daidai ne a aika, muddin akwai begen ceto na gaske, an faɗi gaskiya, masu tafiya kuma sun yarda. Alhakin kuwa ba na mutum ɗaya ba ne, na dukan jama'ar da ke barci lafiya ne domin wani yana farke a gaban rediyo. Kowace shekara ran 19 ga Disamba, mutanen Mousehole sukan rage fitilun Kirsimeti na tsawon awa guda don tunawa da mutanensu. Mu ma mu riƙa tunawa da masu karɓar kira da masu amsa shi, mu yi musu addu'a, mu kuma sauƙaƙa musu aiki ta wurin yin kira da wuri da faɗin gaskiya.