Iyakar Gonar da Ke Ciyar da Mu



Tun kafin ladan ya yi kiran farko, manyan motoci sun fara sauke kaya a kasuwar Guro ta Adjamé, a nan Abijan: doya, rogo, agade, gauta, tattasai. Mu masu kasa albasar Galmi a gefensu, da 'yan'uwanmu masu shaguna a Treichville, mukan ce kayan daga tsakiyar Kwaddibuwa suka fito, shi ke nan. To, daga ina tsakiyar ta fara, a ina kuma ta tsaya?

In ka bar Abijan ka nufi arewa, kurmi ne zai yi maka rakiya har wajen Tiassalé, inda kogin N'zi ke zubawa cikin Bandama. Daga nan sarari ke buɗewa. Dajin ciyawa da giginya ya kutso cikin kurmi kamar tsinin mashi, Bandama na yamma da shi, N'zi na gabas, yana ta faɗaɗa ta Toumodi da Yamoussoukro har Bouaké. Ƙasar al'ummar Bawule ke nan. Kudancin Kwaddibuwa damina biyu yake samu, arewaci ɗaya, ita kuwa tsakiya tana tsakanin biyun: bana ta bi kudu, baɗi ta bi arewa. Manomin da ya tada kunyar doya a can ya san ruwa ne ya shata masa iyaka, ruwan kuwa a hannun Allah yake.

Ɗan Adam ma ya ja nasa layukan. Layin dogon da ya tashi daga Abijan ya isa Bouaké a 1912. Madatsar Kossou, da aka gina a kan Bandama a farkon shekarun 1970, ta tashi dubban Bawule daga ƙauyukansu, gonakin kakanninsu suka koma ƙarƙashin tafki. A watan Satumban 2002 kuma bindiga ta raba ƙasar biyu, layin ya ratsa tsakanin Bouaké da Yamoussoukro, ba a fara share shi ba sai bayan yarjejeniyar sulhu ta Wagadugu a 2007. Dattawan kasuwa ba su manta da yawan shingayen da motar doya ke tsallakewa a shekarun nan ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin koko. Akwai lokacin da in an ce ƙasar koko, Dimbokro da Bongouanou da Daoukro ake nufi. Masu gonaki suka yi gidaje, suka aurar da 'ya'ya, kowa na ganin arziki ya sami wurin zama. Sai itatuwa suka tsufa, ƙasa ta gaji, fari da gobarar daji ta 1983 suka ƙarasa sauran. Koko ya yi ƙaura zuwa yamma, wajen Soubré, manoma suka bi shi da addunansu. Ba a yi taro ba, ba a sa hannu a takarda ba, iyakar dai ta matsa.

Ɗan'uwa, kai ma akwai wurin da kake kira naka: rumfarka, layinka, masu sayenka na kullum. Har kakan ɓata rai in baƙo ya shimfiɗa buhunsa kusa da kai, alhali kakanninmu ma baƙi suka zo garin nan, biɗar goro ta kawo su. Wanda ya ware wa ciyawa wurinta a tsakiyar kurmi, ya ɗauke koko daga gabas ya kai yamma, shi ne ya ajiye ka a bakin wannan titi. Yau in ka buɗe rumfa, ka matsa wa na kusa da kai. In ka ɗauki doya za ka taya, ka tuna wani ya sunkuya a kanta wata da watanni yana duban sama.

Ya Allah, ka saukar da ruwa mai albarka a tsakanin Bandama da N'zi a kan lokacinsa. Ka tsare direbobin da suka kwana a hanyar Bouaké, da matan da ke jiransu a Adjamé. Kada ka sake nuna mana ranar da za a raba ƙasar nan da bindiga. Amin.