Shi Wa Ya Tsaya Masa?

Wata ranar Laraba bayan la'asar wata mata 'yar Gbagyi ta zo shagona, wadda ta shekara da shekaru tana sayayya a wurina. Ta ce in ba ta rabin buhun gishiri da kwalin magi, za ta biya idan ta sayar da doyarta. Na ce, "Mama, kawo wanda zai tsaya miki." Ta dube ni, ta ce, "To, Malam," ta juya. Ba a fi rabin sa'a ba sai ga wani saurayi ɗan wajenmu, wanda bai cika wata uku a Paikon Kore ba, shi ma bashi yake so. Na ɗauko littafi na rubuta masa. Da ya fita, ɗana da ke taya ni tsaron shago ya ce, "Baba, shi wa ya tsaya masa?"

Na daka masa tsawa. Amma da dare na buɗe littafin bashin nan ina bin sunaye, sai na ga basussukan da suka maƙale yawancinsu na mutanenmu ne. Matan Gbagyi kuwa da wuya ka ga wadda ta wuce lokacin da ta ɗiba.

Wallahi da a ce da safiyar ranar wani ya tambaye ni ko ina raina Gbagyi, da na rantse ba na yi. Kuma ba ƙarya zan yi ba, iyakar sanina ke nan. To abin tambaya, jama'a: mutum yana da laifi a kan abin da bai san yana zuciyarsa ba?

Malamanmu sun koyar da mu cewa abin da ya ɗarsu a zuciya ba a kama bawa da shi, matuƙar bai faɗa ba, bai aikata ba. Wannan rahama ce. Sai dai nawa ai bai tsaya a zuciya ba. Ya fito ta bakina, ya hana baiwar Allah gishiri. Ita ba ruwanta da niyyata, abin da ta gani shi ne an yarda da baƙon wata uku, ita an ce ta kawo shaida. Ko Abu Zarri, sahabi guda, da ya goranta wa wani mutum uwarsa, Annabi (SAW) ya nuna masa cewa da sauran halin jahiliyya a tare da shi. Ka ga ashe imani da wannan guntun hali suna iya zama a ƙirji ɗaya, mai ƙirjin bai sani ba. Ni a ganina kafin a nuna maka kana da uzuri, duk da cewa wanda ka cuta ya riga ya cutu. Daga ranar da aka nuna maka kuwa, uzuri ya ƙare.

Daga ina muka kwaso shi? Daga baki. Idan jariri ya fara magana ba a gane me yake cewa, sai mu ce yana gwaranci. Babba ma in ya kasa bayani haka muke ce masa. Wato mun ɗauki sunan harshen mutane sukutum mun mayar da shi sunan maganar da ba ta da kai. Mun tashi da shi tun muna goye, babu wanda ya zaunar da mu ya ce ku raina su. Su kuwa Gbagyi suke kiran kansu, mu ne muka nace wa Gwari. Abin dariya, tumatir da tattasai da muke rububi kayan gwari muke ce musu, mu ci nomansu mu yi dariyar bakinsu.

Kuma a ƙasar wa muke zaune? Lokacin da gwamnatin Murtala ta yanke a 1976 cewa nan za a gina babban birni, ba daji aka tarar babu kowa ba. Gbagyi da Gwandara da Bassa da Gade da wasunsu suna nan da gonakinsu da kaburburan iyayensu. An tashi mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a Jihar Neja. Ciro naira ashirin daga aljihunka ka juya bayanta: matar nan mai ginin tukwane Ladi Kwali ce, 'yar Gbagyi daga Kwali, nan kusa da mu. Kullum tana hannunmu.

Mu fa mun san zafin abin. Duk wanda ya yi fatauci a Kudu ya san yadda kalma mai daɗi irin "aboki" take komawa zagi a bakin wasu. Su ma in ka tambaye su cewa za su yi wasa ne. Haka kuma muke yi wa Fulanin da ke kiwo a makiyayar nan ta Paikon Kore: akuya ta ɓace, kafin a bincika an riga an san wanda za a kalla.

Abin da na yi ba wani babba ba ne. Tunda na gane idona yana yanke hukunci kafin hankalina ya iso, sai na rubuta ƙa'idar bashi a bangon littafi: wanda ya shekara yana ciniki da ni a ba shi, wanda bai kai ba ya kawo mai tsaya masa, ko ɗan wane gari ne. Saurayin nan ya ji haushi, har ya kai ƙarata wurin wani dattijo wai na juya wa 'yan'uwa baya. Na kuma hana faɗin gwaranci a gidana, ko da yake ni ne na fara karya dokar, jikata ta kama ni.

Matar kuwa na aika ɗana da gishirin da magin har gida. Ta karɓa, ta biya da doyarta ta fito, ranar da ta faɗa. Amma har yau a shagon da ke tsallaken titi take sayayya. In ta wuce takan ce, "Sannu, Malam," in amsa.