Fasali a kan mai bin guguwa: jarumta ce ko ganganci?

Godiya ta tabbata ga Mai kora iska da girgije, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya kai mai karatu, ko almajiri kake a gaban allo, ko ɗan kasuwa a bakin rumfa, ga wata mas'ala da ta cancanci ka tsaya a kanta: mutumin da ya ga abin da ke kisa, ya nufe shi da ƙafarsa, me za mu kira shi? Jarumi ko wawa? Kada ka yi gaggawar amsawa, domin amsar ba ɗaya ba ce.

Ka sani, iskar da ke juyi iri biyu ce, ga kuma ta uku da ba ta juyi. Ta farko ita ce guguwar bazara, wadda kake gani da tsakar rana a gonakin Dalijan da kan hanyar Gwandu, sa'ad da ƙasa ta bushe, sama kuwa ba ko ɗigon girgije. Rana ce ke gasa ƙasa, iskar da ke kwance a kanta ta yi zafi ta tashi sama tana murɗawa, ta kwashi ƙura da karan dawa, bayan ɗan lokaci ta mutu. Yara kan bi ta da gudu suna ihu, suna cewa aljanu ne ke wucewa, wai in ka jefa wuƙa cikinta ka ga jini. Ta biyu ita ce babbar guguwa mai saukowa daga cikin baƙin hadari kamar haɓar kada, ta taɓa ƙasa, ta niƙe abin da ta tarar. Wannan ba ta yawaita a ƙasarmu. Amurka ce gidanta, inda akan ƙirga fiye da 1,000 a shekara. Wadda ta fi kisa a tarihi kuwa a Bangaladash ta faɗa, a 1989, ta halaka mutum wajen 1,300. Ta uku ita ce tamu, iskar farkon damina. Hadari ya haɗo daga gabas, iska mai sanyi ta faɗo daga cikinsa, ta bazu tana tura bangon ƙura a gabanta, kamar wanda ya rufe birnin Yamai a watan Mayu na 2020 har rana ta koma ja. Ita ce ke yaye kwano, ta karya darbejiya, ta kifar da rumbu. Mutanen Bauci ba su manta da wadda ta same su a watan Yuni na 2018 ba.

To, a Amurka akwai mutanen da suka mayar da bin babbar guguwa sana'a. In kowa ya nufi maɓoya, su sai su shiga mota su nufi hadarin. Daga cikinsu akwai wani injiniya mai suna Tim Samaras. Aikinsa shi ne ya sha gaban guguwa, ya ajiye na'urar awo a kan hanyarta, ya kauce, domin a san abin da ke faruwa a gindinta, a ƙara wa mutane lokacin gudu. A can gargaɗi yakan riga guguwa da mintoci kaɗan ne, kowane minti kuwa rayuka ne. An san shi da taka-tsantsan. Amma ranar 31 ga Mayu, 2013, kusa da garin El Reno a jihar Oklahoma, guguwar da yake bi ta lulluɓe cikin ruwa, ta karkata ba zato, ta buɗe har faɗinta ya kai kilomita 4 da ɗoriya, tafiyar kusan sa'a guda ga mai ƙafa. Ta cim ma motarsa. Ya mutu, shi da ɗansa Paul da abokin aikinsa Carl Young. A wannan yammaci hanyoyi sun cushe da motoci, na masu gudu da na masu bi.

Yanzu sai ka auna. Idan ka ce mutuwarsa ta nuna ya yi kuskure, sai mu ce maka: mutum nawa suka je wurin don kallo tsagwaronsa, suka komo lafiya? Shin komowarsu ta nuna sun yi daidai? A'a. Kai ɗan kasuwa ka fi kowa sanin wannan. Wani ya yi caca da jarinsa ya ci, wani ya yi ciniki na gaskiya ya faɗi, amma ba wanda ke kiran na farko mai hikima sai wanda bai san kasuwa ba. Ashe ba a auna tafiya da komowa. Ana auna ta ne tun daga ƙofar gida, da ma'auni uku.

Ma'auni na farko: me ka fita nema? Kakanninmu fatake sun ƙetare Kwara zuwa Gwanja neman goro, ga 'yan fashi, ga namun daji, ga ruwa, ba wanda ya zarge su, domin abin da suka fita nema yana ciyar da gida. Haka uwar da ta kutsa cikin iska don ta ɗauko ɗanta a bakin rijiya, da makiyayin da ya tsaya ya tattara bisashen da aka ba shi amana. Waɗannan sun sa rai a ma'auni, amma sun sa abu mai nauyi a ɗaya gefen. Shi kuwa saurayin da hadari ya taso, jama'a na shiga ɗaka, ya tsaya a tsakiyar titi ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto don a yaba masa, me ya sa a ɗaya gefen? Ya ɗauki rai, wanda ba a sayar da shi a kasuwar Kalgo ko ta Jega, ya musanya shi da tafin mutanen da gobe sun manta sunansa. Fallen kwano da iska ta ɗauko takobi ne, ba ya tambayar dalilin tsayuwarka.

Ma'auni na biyu: me ka sani, kuma ka san iyakar saninka? Samaras ya san guguwa fiye da kusan kowa, amma ta zo masa da halin da bai saba gani ba. Wannan ba hujja ba ce ta raina ilmi. Hujja ce cewa mai ilmi ya bar wa jahilcinsa wuri. Kuma ilmi ba ƙofa ɗaya gare shi ba. Wani malami ɗan asalin Japan, Fujita, wanda ya koyar a Chicago, shi ya tsara ma'aunin ƙarfin guguwa a 1971. Da bin sawunta ya san ta: yakan duba yadda ta kwantar da masara, da inda ta jefar da rufi. Bai ga guguwar da idonsa ba sai a 1982. Maharbi ba sai ya sa hannu a bakin zaki ba kafin ya san yawan haƙoransa.

Ma'auni na uku: ran wa ka ɗauka tare da naka? Ba wanda ke fita shi kaɗai. Mai gida in ya fita, da abincin 'ya'yansa ya fita, da kuɗin mutanen da ke binsa bashi. Ɗan kasuwan da ya rungume turken rumfarsa iska na jijjiga ta, don kada kayan kwana ɗaya su ɓaci, ya manta cewa shi ne jarin gidan. Malamin da ya ga gabas ta yi baƙi, ya ce a ƙarasa wanke allo a gindin itace, ya ɗauki ran 'ya'yan mutane ya ajiye inda reshe da tsawa ke faɗowa. Nan ne mas'alar Samaras ta fi nauyi, domin ɗansa na cikin motar. Ɗan babba ne, da yardarsa ya shiga, saboda haka ba mu yanke wa mamaci hukunci. Amma kowane uba ya tambayi zuciyarsa.

Watakila ka ce: tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wanda kwanansa ya ƙare ko a ɗaka yake iska za ta same shi. Gaskiya ne, katanga ta sha faɗa wa mai barci. Amma ranar ɓoye take gare ka, hadarin kuwa a fili yake. Ba za a tambaye ka abin da aka ɓoye maka ba. Za a tambaye ka abin da ka gani. Kai da ke faɗin haka, ai kana kulle shagonka da dare, kana ƙirga canji sau biyu. Don me tawakkalinka bai tashi ba sai a kan ranka, wanda ba naka ba ne, ajiya ce?

Saboda haka, ya ɗan'uwa, tun bazara ka duba kusoshin kwanonka da azarar ɗakinka, ka sare reshen da ya rataya bisa rufi, ka saurari hasashen yanayi a rediyo. In ka ga gabas ta yi duhu, ka ji iska mai sanyi ta bugi fuskarka, ka kashe wutar murhu, ka tara yara cikin ɗaki mafi ƙarfin gini, nesa da taga da tsohuwar katanga. In a fili ta riske ka, ka nisanci itace da turken lantarki, ka duƙa ƙasa ka kare kanka. In ta wuce, to, nan ne fagen jarumta ya buɗe: ga maƙwabcin da rufinsa ya tafi, ga tsohuwar da rumbunta ya kife. Jarumi shi ne wanda tsoro ya zo masa, ya tarar da shi riƙe da abin da ya fi tsoron nauyi. Wanda hannunsa wofi ne, gara ya shiga ɗaka, ba abin kunya a ciki.

Allah Ya ba mu alherin iska, Ya tsare mu sharrinta. Wannan fasali ya cika.